Yadda zaka tsufa kana zuwa masallaci da ƙafarka

Duk sanda muka je gaida tsofaffi addu'ar ɗaya ce, Allah ya ja kwana, Allah ya ƙara tsawon rai, kuma addu'a ce mai kyau. Amma ku zagaya gidajen Aboabo da Asawase da Sawaba a nan Kumasi ku ga ɗakuna nawa ne akwai wani Baba ko wata Mma a kwance shekara da shekaru, ɓarin jiki ya shanye, sai an ɗaga sai an kwantar, sai an kai bayan gida, wasu ma basu kai sittin ba. Kwanan ya ja ɗin, lafiyar ce bata biyo ba. Toh abun da masu binciken tsufa suka fi sa ido akai yanzu kenan, shekara nawa mutum zai yi yana wanka da kanshi, yana zuwa masallaci ko kasuwa da ƙafarshi, yana kiran jikokinshi da sunansu ba tare da ya rikice ba. Maganar nan ta ɗan shekara 35 zuwa sama ce, mace ko namiji, da kuma duk wanda yake riƙe da tsoho a gida.

Na san wani zai ce ajali na Allah ne. Haka ne, babu mai ƙara minti ɗaya, amma mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) game da raƙuminshi ai cewa akai ya ɗaure sannan yai tawakkali. Wani kuma zai ce abun gado ne, mu a gidanmu bama daɗewa, ko kuma kakana ya kai ɗari yana cin goro da kitse. A ƙasar Denmak an bi tarihin dubban tagwaye da aka haifa tsakanin 1870 da 1900, aka duba shekarun da kowa ya rasu, sai aka ga gado bai wuce kusan kashi 25 cikin 100 na bambancin tsawon rai ba, sauran yana wajen yadda mutum ya rayu da inda ya rayu. Kakan naka kuma kar ka manta a ƙafa yake zuwa ko'ina, bai san pragiya ba, keken hayan nan mai ƙafa uku, bai san lemun kwalba ba.

Me yake faruwa a jiki ne ma har ake tsufa? A 1961 wani masani a Amurka, Leonard Hayflick, ya nuna ƙwayoyin halittar mutum basa ci gaba da rabuwa har abada, suna yin kusan sau 50 sai su tsaya. Daga baya aka gano dalili ɗaya, a ƙarshen zaren DNA, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, akwai wani ɗan kariya da ake kira telomiya, duk rabuwa sai ya ɗan gajarce, aikin da ya sa aka ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak kyautar Nobel a 2009. Ƙwayoyin da suka tsaya ɗin nan wasu basa mutuwa, suna nan zaune suna fidda sinadaran da ke hura kumburi a ɓoye cikin jiki. Ilimi ne mai daɗi, amma abun da ya shafe ka a ciki shine har yau babu ƙwaya ko garin da aka tabbatar yana ƙara wa ɗan Adam shekaru ta wannan hanyar. Saboda haka kwalbar da ake tallarta a cikin bas ko a TikTok wai tana mayar da tsoho yaro, riƙe sidinka. Abubuwa biyu ne suke kwantar da yawancin mutanenmu kuma duka biyun suna hannunka, jijiyoyin jini da kuma tsokar jiki, musamman ta ƙafa.

Fara da awon hawan jini, gobe idan da hali. Ana cewa jiki magayi, toh a hawan jini jiki baya gaya maka komai, mutum zai yi shekara goma jininshi na sama yana dariya yana cinikinshi a kasuwar Kejetia babu ciwon kai babu jiri, ranar da zai sani ita ce ranar da baki ya karkace. Akwai babban bincike da akai a asibitocin Ghana da Najeriya, har da nan Kumasi da Kano, mai suna SIREN, sakamakon ya fito a 2018, aka ga kusan 9 cikin 10 na shanyewar ɓarin jiki a wajenmu yana da alaƙa da hawan jini. Ka ɗauki tiyon ruwa ka dinga tura mai ruwa da ƙarfin da ya fi nashi kullum, wata rana ko ya tsage ko ya taurare, haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido suke.

Yadda ake awon yana da ƙa'ida kuma yawanci ba'a bi. Kar ka ci goro ko ka sha kofi ko sigari rabin awa kafin nan, kai fitsari tukunna, ka zauna minti 5 shiru, bayanka a jingine, ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, kuma kar kai magana lokacin da injin yake matsawa. A auna sau biyu. Ƙasa da 120/80 shine mai kyau, idan 140/90 ne ko sama a ranaku biyu daban-daban toh hawan jini ne, sai asibiti. Idan ka ga 180/120 kuma ga ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko gani ya dushe, wannan ba na jiran gobe bane. Kusan duk kemis suna da injin, amma ni a ganina gida mai mutane da yawa irin gidajenmu na Zongo gara a haɗa kuɗi a sayi guda ɗaya mai ɗauri a damtse, ba na wuyan hannu ba, a ajiye littafi kowa da shafinshi, ranar ganin dokta a tafi da littafin.

Sai maganin, anan ne ake asarar mutane da yawa. An ba Alhaji magani, ya sha wata ɗaya, aka auna aka ga ya sauka, shikenan ya ce ya warke ya jefar. Ai saukar da ka gani aikin maganin ne, ka daina ya koma inda yake. Ga yawancin mutane abun sha ne na kullum kamar yadda ake cin abinci kullum, kuma rage shi ko canza shi aikin dokta ne. Sannan akwai maganar da maza basa faɗa a asibiti sai a majalisa, wai maganin hawan jini yana kashe ƙarfin namiji. Gaskiya wasu irin suna iya taɓawa, amma shi kanshi hawan jinin da suga su suka fi lalata jijiyoyin wajen, kuma magungunan iri-iri ne, ka buɗe baki ka gaya wa dokta zai canza maka. Haka idan maganin hawan jinin nan amlodifin ya kumbura miki ƙafa Hajiya, faɗa zakiyi, ba ɓoyewa zakiyi ki koma jiƙo ba. Lokacin azumi ma a tambaya yadda za'a juya lokutan sha, musamman masu suga.

Gishiri. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da cokalin shayi ɗaya kenan, kuma lissafin ya haɗa har da wanda yake ɓoye cikin abinci. Yanzu ki duba tukunyar miya ɗaya, an sa gishiri, an marmasa magi uku ko huɗu wanda kusan rabinsa gishiri ne, an jefa kifin gishiri irin koobi ko momoni, ga garin ɗanɗano na leda, sannan a kan faranti a ƙara shito, wani ma ya barbaɗa gishiri kafin ya ɗanɗana. Kar kice daga yau kin daina gaba ɗaya, gidan zai yi miki bore. Ki rage kaɗan kaɗan, wannan satin magi uku ya koma biyu, bayan sati biyu ya koma ɗaya, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni har abincin waje ya dinga yi muku zau. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da garin busasshen kifi su cike gurbin, tsofaffinmu da su sukai girki kafin magi ya zo. Koobi a jiƙa shi a zubar da ruwan, kuma ranar da aka sa shi ba sai an ƙara gishiri ba. Indomi da sinadarinta duka leda, abincin gwangwani, yajin tsire, duk gishiri ne. A binciken SIREN ɗin nan an ga waɗanda basa cin ganye akai-akai sun fi faɗawa haɗari, mu kuma ganye ba tsada yake mana ba, ayoyo, kontomire, alayyafo, zogale, kuka, kuɓewa.

Yanzu ƙafa, kuma anan zan daɗe dan shine abun da muka fi sakaci dashi. Daga shekara 30 tsokar jiki tana raguwa kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma abun yana ƙara gudu. Tsoka ita take ɗaga ka daga sujada, ita take tare ka idan ka yi tuntuɓe, ita take shanye yawancin sugan da ka ci daga cikin jini. Wani bincike da ya bi mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, wanda ya fito a 2015, ya ga ƙarfin damƙar hannu kawai yana nuna wanda ya fi kusa da mutuwa da wuri, duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa haɗarin ya ƙaru da kashi 16 cikin 100. Ba wai hannun ne sirrin ba, alama ce ta ƙarfin jiki gaba ɗaya.

Adadin da ake so shine minti 150 zuwa 300 a sati na motsi mai ɗan sa haki, mafi sauƙin lissafi rabin awa sau biyar a sati. Saurin da ake nufi shine kana iya magana da na kusa da kai amma baza ka iya jan ƙasida ba. Bayan asuba shine lokacin, gari da sanyi, motoci basu cika ba, maimakon komawa gado ka zaga unguwa ka dawo. Idan rabin awa yai yawa raba shi, minti goma bayan kowane abinci ma yana sauke suga. Pragiya da okada sun sauƙaƙa mana rayuwa amma sun cinye mana tafiya, yanzu tazarar da iyayenmu suke takawa sau huɗu a rana mu sai mun tsaida abun hawa, toh ka dinga sauka kafin ka kai ka ƙarasa a ƙafa, ko ka zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa ko da sallah ɗaya ce a rana. Masu ƙirga taku a waya, 10,000 ɗin nan ba wahayi bane, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya fito a Japan a 1965. Da aka haɗa bincike 15 a 2022 an ga ɗan shekara 60 zuwa sama yana samun yawancin amfanin tsakanin taku 6,000 da 8,000. Wanda yake 2,000 ya koma 4,000 ma ya ci riba babba.

Tafiya kaɗai bata riƙe tsoka, sai an sa mata nauyi aƙalla kwana biyu a sati, kuma ba sai ka je jim ba. Ɗauki kujera mai ƙarfi marar taya ka jingina ta da bango, zauna, harɗe hannu a ƙirji, miƙe tsaye ka koma ka zauna a hankali. Gwada sau nawa zaka iya cikin sakan 30. Ga ɗan 60 zuwa 64, namiji ƙasa da 14 ko mace ƙasa da 12 alama ce ƙafa ta fara rauni. Gwajin shine kuma maganin, kai goma ka huta, ka sake goma, ka sake, idan yai sauƙi ka riƙe robar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu. Ka dafa bango ka dinga turawa dan ƙirji da kafaɗa. Ka ɗaga dugadugai ka tsaya a kan yatsu ka sauka. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kana dafe da bango ko taga, sakan goma zuwa talatin, ka canza, wannan na hana tangaɗi ne kuma daga 65 ana so a yi irinshi kwana uku a sati. Mai ciwon gwiwa ya fara da kujera mai tsayi, dan ƙarfin cinya shine yake rage wa gwiwa wahala, zama ne yake ƙara mata tauri. Mai ciwon zuciya ko wanda ƙirji yake riƙewa idan ya hau tudu ya ga dokta kafin ya fara.

Ga wata ɗabi'a tamu da muke yi da kyakkyawar niyya amma tana cutarwa. Da zaran Mma ta kai sittin, ko ta dawo daga Makka, shikenan an zaunar da ita. Ta tashi zata ɗauki buta, a'a Mma zauna a kawo miki. Zata share ƙofar ɗaki, a ƙwace tsintsiya, me mutane zasu ce ga 'ya'ya ga jikoki. Baba yana so ya taka zuwa kasuwa, a'a Baba ka huta ga yaro zai je. Shekara biyu a haka ƙafar ta saki, sai a fara sallah a kujera, daga nan sai a ɗaki, kuma mu ce tsufa ne. Tsoho idan ya kwanta sati ɗaya kawai a gado yana rasa ƙarfin da zai ɗau makonni kafin ya dawo, wani ma baya dawowa. Girmamawar da zata amfane su ita ce ka raka ta, ki riƙe mata hannu kuje gidan suna a ƙafa, a bar Baba ya ɗau butarshi. Mata kuma abun ya fi shafarsu dan bayan al'ada ta ɗauke ƙashi yana saurin yin laushi, faɗuwa ɗaya ƙashin ƙugu ya karye, kuma tsofaffi da yawa daga wannan karayar basa sake miƙewa. Ku duba banɗaki da wajen alwala, tayil mai santsi da gansakuka a gyara, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa fitila a hanyar bayan gida dan fitsarin dare, silifas da ya sule a jefar.

Abinci bazan ce ku nemo na Turawa ba. Waakye asalinshi abinci ne mai kyau, wake ne da shinkafa, inda ake ɓata shi shine tulin, ga taliya ga gari ga soyayyar ayaba ga mai yana kwance, sitaci kan sitaci. Ka ce a ƙara maka ganye da ƙwai ko kifi a rage sauran. Tuwon zafi da ayoyo babu abun da ya kai shi, miyar tai yawa tuwon ya ragu. Fufu ko banku da ƙarfe goma na dare sannan a kwanta, wannan kam a dawo dashi rana. Hadisin nan na kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi kowa ya haddace shi, a wajen walima ne ake mantawa. Azumin Litinin da Alhamis ga mai lafiya yana da kyau idan ba'a rama da dare ba. Amma tsoho matsalarshi ta juya, shi rashin cin abun gina jiki ne yake damunshi, haƙori ya zube sai koko da burodi da shayi kullum. Masana suna ba da shawarar kamar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyin tsoho a rana, mai kilo 60 giram 60 zuwa 72 kenan, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai. Wake, ƙosai, kifi, wagashi, nono, gyaɗa, nama a dafa yai laushi ko a niƙa, a raba su safe da rana da dare. Wele, wato ganda, daɗin tauna ne kawai, kar a lissafa shi a nama. Mai ciwon ƙoda shi nashi lissafin daban ne, dokta zai faɗa.

Suga kuma a ruwa muke shanye shi bamu sani ba. Abun da ake so kar ya wuce cokalin shayi 12 a rana, 6 ya fi, gwangwanin koka-kola ɗaya kuwa yana da kusan giram 35, wajen cokali 8 zuwa 9. Malt da muke kai wa marar lafiya a asibiti shima suga ne, haka sobolo da lamurji da burkina yadda ake haɗa su na sayarwa, ga ataya zagaye uku ko wanne da nashi, ga koko da mai sayarwa take zuba cokali ba ƙirge. Gwamnatin Ghana ma ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kayan sha masu zaƙi a 2023. Ka ce a baka kokon ba suga ka sa kaɗan da hannunka. Awo mai sauƙi a gida, ɗauki igiya ka auna tsawonka, lanƙwasa ta gida biyu ta koma rabin tsawonka, ka zagaya cikinka daidai saman cibiya, idan bata haɗu ba teɓar tai yawa, kuma kitsen ciki shine mai jawo suga, ko da ana ce maka alamar hutu ne. Ka gwada sugan jini da safe kafin ka ci komai ko sau ɗaya a shekara, a ma'aunin mmol/L 7.0 ko sama ciwon suga ne idan aka maimaita aka tabbatar, 5.6 zuwa 6.9 kana bakin ƙofa. Bakin ƙofar nan ana juyowa, a Amurka an gwada a kan mutane sama da 3,000, sakamakon 2002 ya nuna tafiyar minti 150 a sati da rage kamar kashi 7 cikin 100 na nauyi sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100, sun ma fi ƙwayar maganin suga ta metfomin aiki.

Barci awa 7 zuwa 8, idan hira a majalisa ta kai ɗaya na dare ga asuba toh ƙailula ta zama dole. Mai minshari da numfashi yake ɗaukewa ya farka a firgice ya gaya wa dokta, yana hana hawan jini sauka. Sigari kuwa an gama magana tun binciken da Richard Doll ya fara a kan likitocin Ingila a 1951 aka bi su shekara 50, mai sha yana rasa kusan shekara 10, wanda ya daina a 40 ya ceto kusan 9, a 50 kusan 6, a 60 ma kusan 3. Shisha da samari suke ɗauka ƙamshi ne kawai hayaƙin taba ce.

Ƙoda tana mutuwa shiru ita ma, kuma wankin ƙoda ya sha cinye dukiyar dangi gaba ɗaya. Bayan hawan jini da suga, abun da yake cinta shine maganin ciwon jiki irin diklofenak da ibufurofen da masu aikin ƙarfi da tsofaffi masu gwiwa suke sha kullum kamar gyaɗa, da haɗe-haɗen kwalba da ba'a san me ke ciki ba, na wankin ciki da na ƙarfin maza. Duk abun da kake sha na gargajiya ka faɗa a asibiti kar kaji kunya, wasu basa jituwa da maganin Bature.

Ido a auna ƙarfin ruwan cikinshi daga shekara 40, gilakoma, ciwon da hawan ruwan ido yake yawan kawowa, tana da yawa a Ghana, tana cin gani daga gefe ba zafi kuma abun da ta ci baya dawowa, yanar ido ita aiki ake a cire a gani garau. Ciwon hanta nau'in B a gwada sau ɗaya, wanda bashi dashi yai allurar rigakafi. Mata gwajin mama da bakin mahaifa, maza daga 45 zuwa 50 a tattauna da dokta kan furostet, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji, musamman idan fitsari ya fara gardama. Kunne kuma kar a raina, kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce idan aka magance su za'a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, rashin ji yana cikin manyansu, hawan jini da suga da zaman kaɗaici ma suna ciki. Tsohon da baya ji sai ya daina zama cikin mutane dan kunyar "me ka ce", daga nan ƙwaƙwalwa ta rasa abun yi. Wani lokacin ma dattin kunne ne kawai ya toshe. Tsohuwar da ta fara manta hanya, tana sambatu, tana fita da dare, ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba maita bace ba kuma aljanu ba, a kai ta asibiti.

Jami'ar Harvard tana bin rayuwar wasu mutane tun 1938, abun da ya fi fitowa fili shine masu kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi lafiya a tsufa. Wannan mu a Zongo kyauta muka same shi, jam'i sau biyar, suna, aure, addu'a, makarantar dare, adashi. Waɗanda zaku sa wa ido sune wanda 'ya'ya duk suna Jamus ko Amurka sai dai kuɗin MoMo ta waya duk wata, da wadda miji ya rasu ta gama takaba ta daina fita. Ku ba su aiki, sauraron haddar yara, sasanta rigima, rakiyar jika makaranta.

Katin inshorar lafiya na NHIS a duba kar ya mutu, ana sabuntawa ta waya da *929#, ɗan shekara 70 zuwa sama baya biyan kuɗin shekara sai ɗan na sabuntawa, kuma hawan jini da suga suna cikin abun da yake ɗauka. Sannan kowa a gida har yara su san alamomin nan, baki ko fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ko da abun ya wuce bayan 'yan mintuna. Kar a ba shi ruwa ko rubutu ko abinci dan maƙogwaro yana iya kasa haɗiya ya shige huhu, kar a ba shi asfirin dan ba'a san ko jijiya ce ta fashe ba sai an yi hoton kai, kar a tsaya tausa ko jiran babban ɗa ya dawo daga kasuwa. A kwantar dashi ta gefe, a duba agogo a riƙe lokacin da abun ya fara dan dokta zai tambaya, a kira 112 ko a tare mota mafi kusa zuwa asibitin Komfo Anokye ko babban asibitin da ya fi kusa, a tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya.